Langar da Na Baro a Wangsa Maju

Tun da na dawo daga Maleshiya ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, tambayoyinta ba sa wuce uku: ya jaririya, ya ƙasar, sai ta ukun da ake yi ƙasa-ƙasa bayan an leƙa ledar tsaraba, wai ko kwastan ne suka riƙe mini kaya. Hajiya Binta ta gidan baya ita ba ta ma iya ƙasa-ƙasa ba. A tsakar gidana ta ɗaga ɗankwalin da na ba ta da yatsa biyu, ta ce, "Malama, kwana arba'in da biyar a ƙasar waje, shi ke nan?" Jiya kuma ta aiko aron langata mai jan fure, aka ce mata langa ba ta dawo ba. To bakina ya gaji, ga shi na rubuta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, biro ba ya ba ni tsoro. Mai son sanin inda tsarabarta ta maƙale ta karanta, wadda idonta ya yi rauni jikoki su karanta mata.

Autata ce ta haihu. Mijinta yana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, shekararsu ɗaya da rabi a can. Haihuwar fari gida ake dawowa wanka, kowa ya sani, amma likita ta hana ta hawa jirgi. Da na kira ta da katin waya, sai ta ce, "Umma, lafiya lau muke," da irin muryar da ba lafiya lau ba. Ni na haife ta, na san muryarta. Washegari na fara neman biza.

Kayana kuwa na jego ne zalla: kanwa, yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu, kilishi, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. A tsakiyar akwati na cusa langata, na cika ta da daddawa. Langar nan mahaifiyata ce ta saya mini cikin kayan ɗaki, bakinta ya ɗan ɓantare a gefe ɗaya, amma ban taɓa yin doguwar tafiya ba ita ba.

Daga Kano muka sauka a wata ƙasar Larabawa, aka ce mu jira wani jirgin. Awa goma sha ɗaya na yi a kan kujerar ƙarfe. Kafin mu isa Maleshiya ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai take bayansa na yi. Dab da sauka kuma aka yi sanarwa cewa duk wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan hukuncinsa kisa ne. Na ce Allah ya kyauta, na gyara zama, ban san da ni ake ba.

Wata jami'ar kwastan mai lulluɓi ce ta buɗe akwatina. Kilishi ta fara ɗaukewa, ta ce nama ba ya shiga, doka ce. Na yi masa kallon bankwana. Da ta buɗe langa na ɗan ja da baya, don na san daddawa ba ta yi wa baƙo sallama. Matar nan ta sunsuna, ta ƙara sunsunawa, ta kira abokiyar aikinta, suka yi ta gyaɗa kai. Ashe su ma suna da tasu ta jatan lande, kuma tamu yarinya ce a gabanta. Ta ce, "Boleh, boleh." Kalmar da na fara koya ke nan, wato an yarda, wuce. Amma da hannunta ya kai kan ƙullin kanwa, fararen duwatsu a leda, sai fuskarta ta canja. Nan sanarwar jirgi ta dawo mini. Jama'a, ban san lokacin da na ɓantari kanwa na jefa a baki ba. Na tsotsa, na rungume hannu kamar mai shayarwa, na kwaikwayi damun kunu, ina ta zuba Turancin da na ajiye tun da na yi ritaya. Ta dube ni ta dubi kanwa, ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce na tafi.

Gidansu yana unguwar Wangsa Maju, hawa na goma sha huɗu, ɗaki biyu da falo. A Kano ni da surukina sau ɗaya muke haɗuwa a wata, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni ya fice. A nan kuwa lungu ɗaya ne, firij ɗaya. Sai ya ɓullo da dabara: kafin ya fito daga ɗaki zai yi tari, ni ma kafin na fito na yi tari. Gidan ya koma kamar ɗakin masu tarin fuka. Bawan Allah daga asuba yake ficewa makaranta, ina jin rabin karatun da ya yi a watan nan gudun haɗuwa da ni ne. Wankan ma ba garwa ba itace, butar lantarki ce, sai na tafasa ta sau tara kafin bokiti ya cika. Ga zafin ƙasar, ga tururi, mai jego tana gumi mai yi mata wankan tana gumi.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shiru ne. A gida daga ranar haihuwa ƙofa ba ta rufuwa, masu barka suna shiga suna fita. A nan sai ranar suna matanmu Hausawa mazauna can suka zo daga unguwannin Pantai Dalam da Danau Kota, sun hau bas sun hau jirgin ƙasa, da 'ya'yansu da kake yi wa Hausa su amsa maka da Turanci. Allah ya saka musu, sun yi ƙoƙari. Aka sa wa yarinya sunana, aka ci aka sha, kafin la'asar kowa ta kama hanya saboda nisa. Da yamma na shiga ɗaki na tarar da Auta a tsaye a bakin taga da takwarata a kafaɗa, hawaye na zuba ba sauti.

Ta ce, "Umma, idan kika tafi, daga safe har dare babu wanda zan ce wa sannu."

Na ce, "Maƙwabta fa?"

"Umma, nan ba Kano ba ce. Kowa ƙofarsa a rufe. Shekara ɗaya da rabi ban san sunan ko mutum ɗaya a benen nan ba."

Na ƙirga kwanakin da suka rage a tikitina, na ce a raina wallahi ba zan bar ƙasar nan ba sai na samo wa yarinyar nan wanda zai riƙa ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Washegari na soya naman suna na fita rabo. Ƙofa uku ce a hawanmu ban da tamu. Ta farko ɗalibai ne 'yan China, suka karɓa da godiya, da safe na ga farantin a wanke a bakin ƙofa, shi ke nan. Ta biyu na buga har hannuna ya gaji ba a buɗe ba, na ajiye musu nasu a bakin ƙofa. Faranti ya ƙare, don haka rabon ƙofa ta uku a langata na zuba. Wata 'yar tsamurmurar dattijuwa ce ta buɗe, gashinta fari fat an yanke shi iya kunne. Ita ce Madam Keiko, Bajapaniya, ita da mijinta tsohon injiniya da ya yi ritaya. Na miƙa mata langa na ce an yi mana haihuwa. Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya. Ni ma ba a bar ni a baya wajen tarbiyya ba, na rusuna. Ta ƙara sunkuyawa. Na durƙusa, gwiwata ta ce ƙas. Sai ga mijinta ya ɓullo ta bayanta, shi ma ya kama. Daga ƙofarmu Auta ta yi mini raɗa mai ƙarfi, "Umma, ki miƙe, ba za su daina ba sai kin daina!"

Washegari da la'asar aka ƙwanƙwasa. Auta ta dube ni na dube ta, don tun zuwana ban da ranar suna, ba a taɓa buga ƙofar nan ba sai mai kawo tukunyar gas. Madam Keiko ce da langata, an naɗe ta cikin wani shuɗin ƙyalle mai zanen fararen tsuntsaye, an ƙulle bakin da wani irin ɗauri da ka ji tausayin kwancewa. Da Turancinta mai ɗingishi irin nawa ta ce ba wani abin kirki ba ne, mu yi haƙuri. Ta nuna mini tambarin halal a jikin takarda, ta ce sai da ta tambaya kafin ta saya. Bayan ta tafi muka buɗe. Alewa ce guda shida, kowace an yi mata siffar fure, kowace da 'yar rigarta ta takarda. Na ɗauki ɗaya da bisimilla na gatsa. Wake ne, jama'a! Waken da muke alala da ƙosai, shi aka dama da sukari aka yi wa kwalliya. Na cinye dai, don ba a raina kyauta.

To ga ƙyallenta a hannunmu. Auta ta ce, "Umma, ki ninke ki mayar mata kawai."

Na ce, "Haka nan, hannu rabbana? A gidan wa kika ga an yi haka?"

Na soya dubulan na zuba a langa, na naɗe da ƙyallen yadda na iya, na kai. Kun ga inda rigimar take: langa tawa ce, dole ta dawo da ita, kuma ba ta iya dawo da ita tsirara ko babu komai. Ƙyalle nata ne, dole na mayar, ni ma ba na iya mayar da shi shi kaɗai. Haka langa da ƙyalle suka kama zirga-zirga a lungun hawa na sha huɗu. Na kai dubulan, ta dawo da wasu 'ya'yan itace guda biyu manya-manya, kowane sanye da 'yar safarsa ta raga. Na kai waina da miyar taushe, ta dawo da ƙananan tawul masu laushi na jaririya. Na kai yajin jego, daren nan ta bango muna jin mijinta yana atishawa, amma da la'asar sai ga langa da biskit a cikin gwangwani mai zane.

Abin da na lura da shi, na kuma yi shiru, shi ne Auta. Ita take buɗe ƙofa. Da farko Madam Keiko minti biyu take yi a tsaye, sai ya koma biyar. Ran nan na fito daga kicin na ga takalmanta a jere a bakin ƙofa, tana zaune a falo da takwarata a cinya tana yi mata waƙa da yarensu. Daga ranar, kafin la'asar Auta za ta canja ɗankwali ta sa wa yarinya riga mai kyau.

A mako na uku kayana suka ƙare. Ba fulawar dubulan, ba man shanu, kuma ba na maimaita kyauta. Surukina ɗalibi ne, aljihunsa ba nauyi, ko mutuwa zan yi ba zan tambaye shi ba. Sai na kwance ƙullin kuɗin tsarabarku, na nufi wani katafaren kantin Japanawa da ke unguwar, na ce bari na saya mata irin abin da take ci. Tun daga ƙofa ma'aikata suke sunkuya maka, na ce lallai mutanen nan sun san darajar mai saye. Da na isa wajen 'ya'yan itacen nan masu safa na duba farashi, sai da na cire tabarau na goge na mayar. Kuɗin guda biyu zai yi mini cefanen kwana uku a Kano. Na ce ashe dukiya matar nan take zuba mini a langa ina ci da wasa.

Mai kula da wajen wata Bamaleya ce, wato 'yar asalin ƙasar, ba yarinya ba. Na ce mata, "Nawa za ki bari?" Ta nuna mini takardar farashi. Na ce, "Na gani, wannan na baƙi ne. Faɗa mini gaskiyarsa." Ta yi murmushi ta sake nuna takarda. To ni kun san ni a kasuwar Rimi. Na ajiye kaya na juya, na kama tafiya a hankali ina jiran a ce Hajiya dawo. Na wuce wajen kifi, shiru. Na wuce wajen sabulu, shiru. Har na kai ƙofa, mai gadi ya sunkuya ya yi mini sai an jima. Haka na juyo da ƙafata na ɗauki kankana, na biya kuɗin da ke rubuce, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara riƙe kuɗi. Sau uku ina wannan sayayya. Hajiya Binta, mayafin da na yi niyyar kawo miki wani tsoho Bajapane ne ya cinye shi, a siffar kankana.

Ana cikin haka Madam Keiko ta ce za ta kai ni cin abinci irin nasu. Auta tana cikin kwanakin wanka, ba fita, don haka mu biyu muka tafi. Ta ce sha biyu saura kwata, kuma sha biyu saura kwata tana bakin ƙofa da jaka a hannu, tana ta jaddada cewa lallai mu isa kafin ƙarfe biyu. Ban gane dalili ba a lokacin. Muka hau wani jirgin ƙasa da ke gudu a sama, na matsa gaba don na ga direba, na tarar babu kowa sai gilashi. Har muka sauka ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Gidan abincin ma nasa salon daban. Mutane ne a zaune, abinci yana yawo. Ƙananan faranti ne a kan wani bel suna wucewa ta gabanka, wanda ya yi maka ka ɗauka. Ta fara nuna mini takardar halal a bango, sannan muka zauna. Ɗanyen kifi dai na ce a kai kasuwa, na tsaya a kan shinkafa mai ƙwai da mai dafaffen jatan lande. Sai na lura ita shuɗin faranti kawai take ɗauka, masu ruwan zinariya kuwa ta kau da kai su wuce. Na ce kawaici ne take yi, ita da ta gayyato baƙuwa. A gidanmu ba a barin mutum ya yi kawaici a kan abinci. Na miƙa hannu na kwaso masu zinariya guda uku na jere mata, na ce, "Ci mana, Madam, ki saki jiki!" Ta dube su, ta dube ni, ta yi godiya. A hankali ta cinye su kamar mai shan magani.

Akwai wani koren abu a gefe, ta ce yaji ne, na taɓa kaɗan. Ni za a gaya wa yaji? Ni da na yi jego bakwai? Na ciko cokali na kai baki. Wannan abu bai tsaya a harshe ba, ta hanci ya bi ya haye tsakiyar kaina. Na yi salati da ƙarfi, hawaye suka wanke mini tabarau, mai kawo shayi ta rugo. Madam Keiko ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Shayin ma koren ruwa ne ba madara ba sukari, amma ita kofi huɗu ta sha. Wajen biya ta hana ni buɗe jaka, ta zaro wata 'yar takarda da aka yanko da almakashi ta haɗa da kuɗin ta miƙa. Na dawo gida da nauyi biyu, ga na langa ga na abincin rana.

Zuwana kanti na huɗu, Bamaleyar nan ta ga ina juya kankana ina ajiyar zuciya. Ta matso kamar tana gyara kaya, ta ce, "Makcik," wato goggo, "ki dawo bayan magariba. Ƙarfe takwas. Ki tsaya kusa, ki zuba ido."

Ina idar da salla na fito, don magaribarsu sai bakwai ta wuce. Na tarar da mata sun fi ashirin a wajen abinci, Maleyawa da 'yan China da Indiyawa da Japanawa, kowace da kwando, kowace ta ɗauki gwangwani tana karanta bayansa kamar za a yi mata jarrabawa. Babu mai sayen komai. Can sai ga wani mutum ya fito da naɗin jajayen takardu masu mannewa. Ya bi kifi, ya bi burodi, ya bi alewa da 'ya'yan itace, yana manna musu. Na leƙa ɗaya: rabin kuɗi! Wato abin da ba zai kwana ba, da dare ya yi sai su karya shi da kansu, ba sai ka roƙa ba. Gwangwanaye suka koma mazauninsu a lokaci ɗaya. Babu hayaniya, babu ture, amma gwiwar hannu ta san aikinta. Ni da na sayi kayan miya a jajiberin salla, wannan wasan yara ne. Na cafke kankana, na hango kwalin alewar furen nan saura guda ɗaya, na kai hannu. Wani hannun ya sauka a kansa tare da nawa.

Na ja, aka ja. Na ɗago kai don na ga wace ce wannan mara kunya. Wata 'yar tsamurmura ce da malafa an jawo ta har gira. Madam Keiko! Na dubi kwandonta, ga 'ya'yan itace masu safa guda biyu, kowane da jar takarda a goshi. Ta dubi nawa, ga kankana da tata jar takardar. Langa tana gidana a lokacin, ban ma kai ba tukuna, amma baiwar Allah har ta fito shirin ramuwa.

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ni kuwa dariya ce ta ƙwace mini, irin wadda ba ta tsayawa. Ita ma ta fashe. Sai da muka nemi benci a wajen kantin muka zauna, tsofaffi biyu suna share hawaye, mutane suna kallonmu.

A bencin nan ta fasa mini ƙwai. Ashe ba masu kuɗi ba ne. Fansho suke ci, kuma tsadar ƙasarsu ce ta koro su nan don kuɗin ya kai wata. Duk abin ci da ta taɓa zuba mini a langa daga wannan layin na ƙarfe takwas ya fito. Jar takardar da tsumma mai ɗumi take ɓare ta, ba ta barin tabo. Takardar naɗi da tawul da gwangwani mai zane kuwa daga wani shago ne a hawa na biyu inda komai ringit biyar ne, kuɗin ƙasar, ta ja ni ta nuna mini. Abincin rana kafin ƙarfe biyu ya fi na dare sauƙi nesa ba kusa ba, shayi kyauta ne ko tulu za ka sha, 'yar takardar almakashi ta rangwame ce daga jarida, kuma launin faranti shi ne farashinsa. Shuɗi ne mafi araha.

Na ce, "Masu zinariyar fa?"

Ta ɗaga yatsa uku, ta ce, "Kwana biyu ni da maigida shinkafa da ƙwai muka ci."

Na rufe fuska da mayafi. Ta ce a wajensu idan aka yi maka kyauta dole ka mayar da wani abu da wuri, don kada nauyin mutum ya kwana a kanka. Duk ranar da ta ji na buga ƙofa, sai ta hau lissafin abin da za ta mayar. Na ce mu kuma ba a mayar da kwano babu komai. Ta ce, "To a wajenku yaushe ake gamawa?" Na yi tunani, na ce ni dai ban taɓa ganin an gama ba. Ta ce to mu gama namu, gobe na kawo mata ƙyallenta shi kaɗai, ba fushi. Na amince da sauri har da tafa hannu, don abin da ya rage a ƙullin tsaraba bai fi na ɗankwalaye ba. Da safe na ninke ƙyalle na kai, na wanke langata na kife.

Kwana biyar ba a ƙwanƙwasa ƙofarmu ba. In mun haɗu a lif za ta sunkuya, ta tambayi jaririya, shi ke nan. Auta ba ta daina canja ɗankwali kafin la'asar ba. Sai ta zauna a falo da yarinya, duk lokacin da lif ya yi ƙara ta juya ta kalli ƙofa. A rana ta biyar ta ce, "Umma, kun yi faɗa da Madam ne?"

Nan na gane. Mutanen nan ba sa buga ƙofar wani babu dalili, suna ganin takura ce. Langa ce dalilin. Na zo daga Kano don na buɗe wa 'yata ƙofa, ta buɗu, na sa hannu na rufe ta saboda tausayin jakata. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don saura kwana uku na tafi.

Ranar jajiberin tafiyata, bayan an gama wankan arba'in, na ɗauki langa. Ban zuba komai ba, da gangan. Tun da nake ban taɓa tsayawa a ƙofar mutum da kwano babu komai ba, amma na ƙwanƙwasa. Madam Keiko ta buɗe, ta karɓa, ta ɗaga murfi, ta dubi cikin langa, ta dube ni. Turancina ya gudu ya bar ni, da guntayen da suka rage na yi magana.

Na ce, "Gobe zan tafi. Yarinyata ba ta da kowa a nan. Langar nan mahaifiyata ce ta saya mini. Ki riƙe ta. Ranar da kika ga dama ki mayar mata, ko ruwa ne ki zuba."

Wannan karon ba ta sunkuya ba. Ta rungume langar a ƙirji. Can ta ce ɗanta yana Japan, jikarta a hoto kawai take ganinta tana girma. Sannan ta ce, "In na mayar, za ta sake kawowa?"

Na ce, "Ni na raine ta. Ba za ta iya barci da ƙyallenki a gidanta ba."

Ta ce, "Ba za a gama ba ke nan."

Na ce, "Ba a gamawa."

Juma'ar da ta wuce na sayi kati na kira Auta. Muryar da na ji ba irin ta wancan karon ba ce. Ta ce langa ta zo sau huɗu, ita ma ta kai sau huɗu, har ta koyi ɗaurin ƙyallen. Ta ce ranar Talata tare suka je layin ƙarfe takwas, takwarata a goye, matan kanti suna ta kallon goyo. Na ce me aka kawo jiya? Ta yi dariya ta ce, "Tumatir uku da burodi, Umma. Da jar takardar a jiki, ba ta ma ɓare ba." Ina shirin amsawa na ji ƙwanƙwasa ta cikin wayar. Ta ce, "Umma, ana buga ƙofa, bari na buɗe," ta kashe mini waya, ga kati da sauran kuɗi a ciki. Ban taɓa jin daɗin a kashe mini waya ba sai ranar.

Don haka masu ɗankwali ɗaya ku yi haƙuri, ku yafa shi da albarka. Ke kuma Hajiya Binta, ki nemi aron langa a wani gidan. Tawa tana bakin aiki.